Gidan da muka gina tare sunansa ne a takarda, yanzu kuma ya sake ni, ina mafita?

Maman Huɗu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, shawara nake nema musamman in akwai malamai ko lauyoyi a cikinku, ko wadda irin wannan ta taɓa samu ta faɗa min yadda ta yi.

Shekararmu 14 da aure, yaranmu huɗu, ni malamar makaranta ce shi kuma ɗan kasuwa. Farkon aurenmu haya muke ciki da falo, duk shekara sai an ƙara mana kuɗi, damina kuwa sai mun jera bokitai a tsakar ɗaki. A 2016 aka yi masa tallan wani fili a bayan gari wajen Kumbotso, kuɗinsa bai kai ba, lokacin kuma ba a daɗe da raba mana gadon babanmu ba an sayar da gona an ba kowa nasa, na ɗauki kasona gaba ɗaya ko naira ban cire ba na ba shi, kusan rabin kuɗin filin kenan. Ranar da aka je gaban mai unguwa ban je ba, ina da tsohon ciki, kuma kun san yadda abin yake mace ba ta bin miji wajen ciniki, shi da ƙaninsa da dillali suka je aka rubuta takarda. Da daddare ya dawo ya miƙo min ita, na riƙe ina ta juya ta ina hawayen murna, na ga sunansa ne shi kaɗai amma wlh ban kawo komai a raina ba, ce min ya yi ai gidanki ne ke da 'ya'yanki.

Daga nan aka fara gini a hankali. Ɗaukan adashina biyu duk a bulo suka tafi. Da aka zo rufi kuɗi ya tsaya, damina ta kusa, katako na ta shan rana, na ɗauko sarƙar gwal da awarwaro biyu da mahaifiyata ta ba ni ranar aurena na ba shi ya kai wa 'yan gwal, da kuɗin aka sayi kwano. Na kuma ci bashi a ƙungiyar ma'aikata ta wajen aikinmu shekara biyu ana yanka a albashina, shi ne tayil da ƙofofi da wayarin. Ba zan zalunce shi ba, shi ma ya zuba nasa, harsashi da rodi da kuɗin magina da rijiya duk shi ne. Muka tare a 2019, daga baya ya je ya yi takardar gwamnati, ita ma da sunansa.

Bara ya ƙara aure, ban hana ba, ni na gyara mata ɗakin da muka ce na samari ne in sun girma. Tun daga nan zama ya ƙi daɗi, ba zan tona komai a nan ba, sati uku da suka wuce dai ya ba ni takarda, saki na biyu kenan dan an taɓa ɗaya shekarun baya. Ya ce in na gama idda in kwashe kayan ɗakina. Na ce to gidan fa? Ya ce wane gida, taimako kika yi Allah ya ba ki lada, ni ban ce ki ranta min ba, in kina da takarda ki kawo.

Ba ni da takarda ko ɗaya 'yan uwa. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata a gidan yayana take zaune, in na fita da yara huɗu ban san inda zan dosa ba. Tambayata, a shari'a ina da haƙƙi a gidan nan ko tunda sunansa ne shikenan? In kuɗina za a biya ni, na wancan lokacin za a ba ni da buhun siminti bai kai dubu uku ba, ko na yanzu? Kuma wace kotu ake zuwa? Bacci ya ƙaurace min wlh.

Inna Mai Koko:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kawo miki mafita, na karanta har ƙarshe zuciyata ta yi nauyi dan ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya haka ta faru da ita, ita har shanunta biyu aka sayar aka yi gini, ta fita da tabarma da kwalla.

Abu na farko kar ki fita daga gidan nan. Ko me za a faɗa miki ko wace irin baƙar magana, ki toshe kunnenki ki zauna ɗakinki har ki gama idda, ƙanwata ranar da aka ba ta takarda ranar ta yi zuciya ta tafi gida, kafin sati an canza kwaɗon ɗakin, rasit ɗin da take da su a ƙasan akwati ba ta ƙara ganinsu ba. Na biyu ki daina yi masa maganar gidan ke da shi, ba ke za ki yi ba, kina da baffa ai ko? Shi ne waliyyinki yanzu, ki je ki same shi ki zauna ki lissafa masa komai tiryan-tiryan, ya nemi babba a dangin mijinki su zauna. Namiji yana iya musa wa matarsa magana a ɗaki amma ya kasa maimaita ta a gaban dattawa.

Sannan ki je wajen uwar adashinku tun yau, yawancinsu suna da littafi, ta duba miki watan da kika ɗauka. Yaran kuma kar ki sa su a ciki, kar ki ce musu ubanku ya cuce ni, ubansu ne har gobe.

Almajirin Zaure:

Baiwar Allah, Allah ya sanyaya miki. Ni ba alƙali ba ne, ɗalibi ne, zan faɗi abin da muka karanta a gaban malamanmu a mazhabar Malikiyya wadda ita kotunanmu ke bi, hukunci kuma sai an ji ta bakinsa shi ma.

Tushen maganar shi ne aure a Musulunci ba ya haɗa dukiya. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne, kafin aure da cikinsa da bayansa, Suratun Nisa'i aya ta 32 ta faɗa ƙarara cewa maza suna da rabo daga abin da suka nema mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Wannan takobi ne mai kaifi biyu, yana nufin ba ki da rabin gidansa dan kawai ke matarsa ce, kuma yana nufin shi ma ba shi da ko kwabo a gadon mahaifinki da gwal ɗinki da albashinki dan kawai shi mijinki ne. Ci da sha da sutura da muhalli wajibinsa ne shi kaɗai ko da kin fi shi kuɗi, dan haka ba zai ce kuɗin da kika zuba a gini wani nauyi ne da ke kanki kika sauke ba.

Abin da alƙali zai nema ya gane shi ne da wace fuska kuɗin suka fita daga hannunki, dan fuska uku ce. Ko kyauta, ko rance, ko tarayya. In kyauta ce da daɗin rai kuma ya karɓa ya yi amfani da ita shekara da shekaru, ta tafi, shi ya sa yake ta nanata kalmar taimako, ya san abin da yake yi. In rance ne zai biya ki. In kuwa tarayya ce, wato kun haɗa kuɗi ne dan ku mallaka tare, to kina da kaso a cikin gidan kansa gwargwadon abin da kika zuba, sai a yi wa gidan ƙima a fitar miki, ko ya saye kasonki ko a sayar a raba. Maganar da ya faɗa miki daren nan, gidanki ne ke da 'ya'yanki, in akwai wanda ya ji ta tana da nauyi sosai.

A nan tambayarki ta siminti ta shigo, kuma ita ce ta fi komai muhimmanci a wajena. Asalin hukuncin rance shi ne a mayar da kwatankwacin abin da aka karɓa, wanda ya ranci naira dubu ɗari naira dubu ɗari zai biya, duk da malaman zamani sun yi ta tattaunawa a kan faɗuwar darajar kuɗi in ta yi muni. Kenan in kika je kika ce rance na ba shi, kina iya cin shari'a a miƙo miki kuɗin da yau ba za su gina miki ɗaki ɗaya ba. Amma gwal daban yake, kin ce sarƙar da awarwaron shi kika ba ya kai kasuwa, in a matsayin rance ne to gwal kika ranta masa kuma gwal zai mayar, nauyinsa da nau'insa, ko ƙimarsa ta ranar biya in kun yarda. Ki yi ƙoƙari ki tuna giram nawa ne, mahaifiyarki ƙila ta sani. Sai dai ina roƙonki da Allah kar ki zaɓi kalmar da ta fi riba, ki faɗi wadda ita ce gaskiyar niyyarki lokacin da kike bayarwa, dan rantsuwa na iya biyo baya.

Hujja kuma, ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ke kansa. A sha'anin dukiya an sauƙaƙa, maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko ma shaida ɗaya tak a haɗa da rantsuwarki, Imamu Malik ya yi hukunci da wannan. Amma ki sani ba a karɓar shaidar uwa ga 'yarta ko ɗa ga uwarsa, dan haka Hajiyarku za ta taimaka miki da tuni ne kawai ba za ta tsaya miki shaida ba. In shaida ta gagara gaba ɗaya kina da ikon neman a ba shi rantsuwa, kuma na sha gani a zauren sulhu mutum ya yi ta cika baki, ana ɗauko Alƙur'ani ya ce a tsaya a yi lissafi.

Suna a takarda ba ya halatta haram. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim yana nan, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya nuna cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, wanda duk aka yanke wa haƙƙin ɗan uwansa to yankin wuta aka yankar masa. Baffanki ya tuna masa wannan cikin lalama.

Maganar Inna gaskiya ce kan zama, aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ku daga gidajenku kuma ta hana ku fita, saki biyu ana kome, ciyar da ke na kansa har ki ga tsarki uku. Bayan idda riƙon yara naki ne matuƙar ba ki yi aure ba, namiji har ya balaga mace har ta tare gidan miji, ciyar da su da wurin kwanansu kuma na kan ubansu, wannan haƙƙi ne daban ba shi da alaƙa da rigimar gida kar a haɗa miki su a ce an ba ki ɗaya ki bar ɗaya.

Ɗan Bakin Dogo:

Ni dai namiji ne kuma zan faɗi nawa dan kar a ɗauka mata kaɗai abin ke ci. Ina da shago da na saya da gumina a nan Kaduna, lokacin 'yan uwana sun sa min ido kowa da buƙatarsa, sai na ce bari in sa sunan maiɗakina a takarda dan in aka tambaya in ce ba nawa ba ne. Na ce mata ta riƙa karɓar kuɗin hayar tana cefane da shi. Shekara shida muna haka. Da zama ya ƙare tsakaninmu na ce a ba ni takardar shagona, ta ce ai kyauta ka ba ni. Muka je gaban alƙali, ya tambaye ni sunan wa ke takarda, na ce nata, wa ke karɓar haya, na ce ita, wa ɗan haya ya sani a matsayin mai shago, ita, ka kafa shaida lokacin cewa ajiya ce ba kyauta ba, na ce a'a dan ɓoyewa nake ma. Ya ce to kyauta in an bayar kuma an kama ta tabbata, miji ba ya janye kyautar da ya yi wa matarsa. Ta rantse, na fito ba shago.

Har yau in na wuce ta layin raina yana sosuwa, amma da na zauna na yi tunani ban ga laifin alƙali ba, abin da ke gabansa ya duba. Kuma har ga Allah ban sani ba ko ita a ranta ta ɗauka da gaske kyautar ce, dan ban taɓa zaunar da ita na ce ajiya ce ba, na ɗauka ta gane. Ke ma Maman Huɗu ƙila shi a ransa ya gama yarda taimako ne, ke kuma a ranki tarayya ce, kowa ya yi shiru saboda kunya. Mu Hausawa kunyar nan tana ja mana asara, miji da mata su rubuta takarda a tsakaninsu sai a ce ba yarda, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Abu Hanan:

Ni shawarata ki yi haƙuri ki bar wa Allah. Gidan nan ko ba daɗe ko ba jima na 'ya'yanki ne, su za su gada. In kika kai ubansu kotu kin ɓata tsakaninki da danginsu har abada kuma kin rufe ƙofar kome. Saki biyu ne fa, ƙila ya huce.

Inna Mai Koko:

Abu Hanan ɗana, haƙuri abu ne mai kyau amma lissafinka bai cika ba. Wa ya ce maka gidan zai kai lokacin gado? Gobe yana iya sayarwa ya zuba a kasuwa, sunansa ne ba mai hana shi. In ma ya kai, amarya za ta haihu, ƙila a ƙara ta uku, duk 'ya'yan da gidan za a raba musu, har da gonar kakan wasu da sarƙar kakar wasu a ciki. Ita kuma in idda ta cika ba ta da ko tumunin, wadda ke ɗaki lokacin ita za ta ci. Ko suna tare ma tumunin nan ɗaya ne matan ke rabawa. Ba wanda ya ce ta ruga kotu, cewa muka yi manya su zauna, neman haƙƙi kuma ba rashin kunya ba ne.

Barista A.:

Hajiya sannu da wannan jarrabawa. Malam ya gama da ɓangaren fiƙihu, bari in ƙara ta ɓangaren dokar ƙasa, amma dan Allah ki samu lauya ido da ido ki nuna masa abin da ke hannunki, abin da zan rubuta bayani ne na gaba ɗaya.

Mutane suna ɗauka takardar mallaka ta gwamnati, C of O ɗin nan, ita ce ƙarshen magana. Ba haka ba ne. Ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar shaida ce cewa an ba wane izinin riƙe wuri, kotu tana ɗaukar mai sunan a matsayin mai shi har sai an kawo hujjar da ta fi ta ƙarfi, kuma ana kawowa. Akwai ƙa'ida da manyan kotunanmu suka sani, in mutum ya biya kuɗin sayen kadara ko wani ɓangare nasa aka sa sunan wani, ana iya ɗaukar mai sunan a matsayin wanda ke riƙe da kason wancan bisa amana. Sai dai nauyin tabbatarwa a kanki yake, kuma kotu lamba take so, nawa, yaushe, ta wace hanya, ba wai na taimaka sosai ba.

Ki cire rai da maganar raba biyu da ake gani a finafinan waje. Dokar da ta ba kotu ikon daidaita kadarori bayan rabuwa, sashe na 72 na dokar shari'o'in aure ta 1970, ta shafi auren rajista ne kawai, ba ta taɓa auren da aka ɗaura a masallaci ko zaure. Ko a auren rajistar ma a Najeriya ba kai tsaye ake raba biyu ba, sai ka nuna gudummawarka.

Wace kotu, a nan mutane ke ɓata shekaru. Saki, idda, riƙon yara, ciyarwa, da neman kuɗi ko gwal da kika ce kina bin sa, kotun shari'ar Musulunci za ta saurara. Amma in abin da kike nema shi ne a ayyana cewa kina da kaso a mallakar gida mai takardar gwamna, sashe na 39 na dokar filayen ya ba Babbar Kotun Jiha ita kaɗai hurumin wannan, in kika shigar a inda ba hurumi kina iya yin nasara a ƙasa a rushe a sama ki dawo farko. Shi ya sa nake cewa lauya ya ga takardun kafin a rubuta ƙara.

Abin da za ki fara tun gobe, ki je bankinki ki nemi bayanan asusunki daga 2016 zuwa 2019, duk tiransifa da kika yi masa ko mai bulo ko mai tayil za ta fito. Ki nemi ƙungiyar wajen aikinku su ba ki kwafin fom ɗin bashin, sau da yawa akwai layin da ake rubuta dalilin karɓa, in kin rubuta gini to kin samu abu babba, ga kuma takardun albashi da ke nuna yankan. Takardar rabon gadon mahaifinku tana nuna nawa kika samu da kuma yaushe, in ranar ta yi kusa da ranar cinikin filin ita ma tana magana. Saƙonnin WhatsApp da na murya kar ki goge ko ɗaya kuma kar ki canza waya, dokar shaida ta 2011 ta yarda da irinsu in an cika sharuɗɗa. Takardun gidan kuwa kar ki ɗauke, kar ki ɓoye, za a juya maganar ta koma kanki, in kin samu hali ki ɗauki hotonsu ki san lambar fayil ɗin kawai. Da ita lauya zai iya rubuta wa hukumar filaye, KANGIS kenan a Kano, ya sanar da su akwai jayayya a kan gidan, ya kuma nemi kotu ta hana sayarwa ko jinginarwa har a gama.

Duk da haka ni ma sulhu na fi so miki, ya fi sauri ya fi araha kuma yara ba sa ganin iyayensu a gaban alƙali. Akwai Hisbah, akwai zauren sulhu na Babbar Kotun Kano. Sharaɗi ɗaya ne, duk abin da aka cimma a rubuta, adadi da ranar biya, kowa ya sa hannu da shaidu, a kai kotu ta mayar da shi hukunci. In an yarda kaso za a ba ki a gidan to a yi takardar miƙa kason a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 ya ce a shigar da sunanki, dan doka ba ta hana suna biyu a takarda ɗaya ba, mutane ne ba sa nema. In kuɗin lauya ne matsala ki je ofishin Legal Aid ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna karɓar irin wannan.

Ummu Yasmin:

Anti Allah ya bi miki haƙƙinki. Ni a Ingila nake zaune, a nan in auren na rajista ne kotu ba ruwanta da sunan wa ke kan gida, tana haɗa komai ta duba har da rainon yara da aikin gida a matsayin gudummawa. Amma 'yan uwanmu da yawa ɗaurin aure kawai suke yi a masallaci ba sa rajista, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta nan ta yanke a 2020 cewa irin wannan ba aure ba ne a idon dokarsu, sai mace ta wayi gari daidai inda kike yanzu, sunan wa ke takarda, kawo shaidar abin da kika biya. Maƙwabciyata 'yar Maroko ce, su ma Malikiyya ne kamar mu, ta ce dokar iyalinsu ta 2004 ta bar kowa da dukiyarsa amma ta ba ma'aurata damar rubuta wata takarda daban kan yadda za a yi da abin da aka tara a zaman aure, kuma masu ɗaura auren sai sun sanar da su wannan damar. Tun da na ji nake cewa ina ma waliyyai a wajenmu za su riƙa faɗa wa yara haka ranar ɗaurin aure.

Maman Huɗu:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka wa kowa da alheri, Inna Allah ya ƙara girma, Abu Hanan kai ma na gode na san alheri kake nufi. Ina nan a ɗakina ban fita ba.

Jiya na je wajen uwar adashinmu, ta ɗauko wani tsohon littafi duk ya yi baƙi da manja, ga sunana nan da watannin da na ɗauka, har ta tuna ita ta raka ni wajen mai bulo karo na biyu dan shi yana tafiya lokacin. Fom ɗin bashin ma an ce in dawo Litinin, na tuna gini na rubuta. Hajiyarmu ta ce nauyin gwal ɗin yana rubuce a rasit ɗin da ta saya, tana neman sa a cikin kayanta. Malam na yi tunanin maganarka kwana biyu, tsakanina da Allah ban taɓa ba shi da niyyar rance ba kuma ban ba shi kyauta ba, gidanmu na ɗauka muke ginawa ni da shi, haka zan faɗa ko a gaban wa.

Matsalar kuɗin filin ne, su ne mafi yawa kuma a hannu na ba shi, a leda, ba ta banki ba. Mutum ɗaya ne ya gani, ƙaninsa, a falonmu na gidan haya ya zauna ya taya shi ƙirgawa har yana ce min Anti kin fitar da mu kunya. Baffana ya yi magana da babban yayansu za a zauna ranar Asabar bayan la'asar. Malam shin ana karɓar shaidar ƙani a kan yayansa? Kuma ya dace in kira shi kafin zaman ko in bari? Yaron kirki ne amma a shagon yayan nasa yake.

Almajirin Zaure:

Ana karɓa baiwar Allah. Inda ake tuhuma shi ne mutum ya yi shaidar da za ta amfani ɗan uwansa, amma shaida a kan ɗan uwa karɓaɓɓiya ce, Nisa'i aya ta 135 ta yi umarni da tsayar da shaida ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Kar ki kira shi da kanki, za a ce kin haɗa baki da shi kuma kin jefa shi tsakaninsa da mai ba shi abinci. Ki faɗa wa baffanki ya roƙi babban yayan nasu ya sa a zo da shi ranar Asabar, kuma yayan ne zai tambaye shi da bakinsa, nawa ya ƙirga a falon ranar kuma daga hannun wa ledar ta fito.